Huɗuba ta Biyu

Malam Abdulmumini ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, can arewa da Kunci. A duk tsawon aikin nan ba a taɓa jin abin da ya gagare shi bayani ba. Ko tsutsar da ke cin wake ka kawo masa, sai ya zaunar da kai ya faɗa maka asalinta da danginta da inda take kwana. Matarsa Furera takan ce, in ka tambayi Malam ko miya ta ji gishiri, tuwo zai huce kafin ka sami amsa.

Mutum ɗaya ne a duniya Malam bai taɓa yi wa bayanin komai ba, shi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji a 'ya'yansa. Kunyar ta zo ninki biyu: ga ta ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifin Malam aka sa wa yaron, Muhammadu Sani. Gari duka Nababa ake ce masa. Malam ko wannan ba ya iya faɗa, sai dai ya ce "wancan", ko kuwa "mutumin Dawanau", don Nababa fataucin hatsi yake yi, yana saye a kasuwannin ƙauye ya kai Dawanau. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, amma hirarsa da ubansa ba ta wuce ya durƙusa daga nesa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Malam ya dubi katanga ya ce, "Lafiya lau." In akwai saƙo, Malam ya faɗa wa Furera, Furera ta faɗa wa matar Nababa, ita kuma ta isar. Haka aka taso, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Ciwon ya fara ne da buta. Malam ya ga kullum yana hanyar bayan gida, ya je ya daɗe, ya fito kamar bai je ba. Ya duba lamarin da idon masani ya yanke hukunci cewa tsufa ne. Da ƙugunsa ya soma ciwo, ya sake dubawa ya ce noma ne. Sai da fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya wata ranar kasuwa aka ɗauke shi zuwa asibiti, daga nan aka tura shi Kano.

Bayan gwaje-gwaje da hotuna, aka zaunar da shi gaban wata likita mai suna Ramlat, wadda ba ta fi sa'ar autarsa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: ciwon daji ne, ya kama wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wadda ake kira furostet, kuma ya ɗan taɓa ƙashin bayansa.

Malam ya yi salati. Can sai malantar ta motsa. Ya ce, "Likita, me ya kai shi ƙashi? Ina mafitsara, ina ƙashin baya?"

Ta ce, "Baba, an ce min ilimin halittu ka koyar, to ba zan sha wahala ba. Ka tuna ƙwayoyin gado masu tsara jikin ɗan tayi a cikin uwa? Waɗanda ke nuna nan ne kai, nan ne ƙugu, su sa wasu ƙwayoyin jiki su hayayyafa, wasu su tashi daga nan su koma can?"

"Na koyar da su," in ji Malam. Har ya gyara zama.

"To irinsu ne suka gina tsokar nan tun kana ciki. In gini ya ƙare, yawancinsu sai su lafa. A wannan ciwon, wasunsu kan farka, ko su yi aiki ba a lokacinsa ba. Sai ƙwayoyin wurin su koma hayayyafa kamar yau aka fara ginin. Har tafiyar nan da suka iya tun suna ɗan tayi sai su tuna da ita, su bi jini su sauka wani wuri. Ƙashi na cikin wuraren da suka fi so."

Malam ya buga cinya. Ya ce, "Magina ke nan. An gama gida an sallame su, ashe ba su tafi ba, kwanciya suka yi a zaure. Yanzu sun tashi suna ta ɗora tubali ba mai gida ba tsari, sun toshe rariya, sun tsallaka filin maƙwabci."

Likita ta yi dariya ta ce za ta ari misalin. Malam ya ji daɗi ƙwarai, har sai da ya tuna cewa gidan da ake magana a kai shi ne.

Ta ce za a riƙa yi masa allura duk bayan 'yan watanni, mai rage sinadarin maza da ciwon ke ci. Ba ta korar maginan, in ji ta, amma tana hana su abinci, kuma da yardar Allah akan daɗe ana riƙe da su a haka. Sannan ta tambaye shi abin da ya yi ajalin mahaifinsa.

"Fitsari ne ya ɗaure masa. Daga baya ƙafa ta mutu."

"Akwai wani kuma a dangi?"

"Ƙanensa ma haka."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, wani lokaci lahanin da ke cikin waɗannan ƙwayoyi gadonsa ake yi. Ba na ce lalle haka ne a gidanku ba. Amma duk wanda ubansa ya yi wannan ciwo, in ya haura arba'in ya kamata a gwada jininsa, ko da yana jin kansa garau. Da farko ciwon ba ya magana, kuma lokacin ne ake iya raba mutum da shi. Kana da ɗa namiji babba?"

"Akwai wani."

"Yaya sunansa?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyawa, kamar ita aka tambaya.

"Ɗan fari ne ke nan," in ji ta. "To, ka dai gaya masa ya zo."

Wannan 'yar magana ita ta fi allurar nauyi. A mota yana dawowa ya riƙa yi wa kansa tsiya. Kai Abdulmumini, ka tsaya gaban yara ɗari-ɗari ka zana musu yadda ake samun ciki. Sai wata zuciyar ta ce masa, ka zana dai, amma ka tuna yadda kake yi: in an zo wannan babi, fuskarka na allo, allon kake koya wa, yara suna kallon ƙeyarka har a kaɗa ƙararrawa.

Ya fara gwada tsohuwar hanya. Da hantsi Furera na tsince wake a tsakar gida, ya zo ya zauna yana fifita da gefen riga, don allurar ta sa zafi na taso masa ba dalili, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Ta dube shi ta ce, "Sannu, Malam. Lokacin da nawa zafin ya zo, da al'ada ta ɗauke min, ai cewa ka yi sinadari ne, in yi haƙuri. Ka yi haƙuri, sinadari ne."

"Na ji, na karɓi hukuncina. Furera, saƙo zan ba ki wurin wancan."

Da ta ji irin saƙon, ta ajiye faifai. "Ni? Ni da ko goya shi ban yi a gaban mutane ba? In kira surukata in ce mata me? In ce ta ce wa mijinta ya kai abin da ke ƙasan cibiyarsa a duba?"

"Jini kawai za a ɗiba, a hannu."

"To in a hannu ne me ya hana ka faɗa?"

Malam ya tashi ya nufi zaure, abin da ba a saba gani ba, har Furera ta bi shi da ido ta ji ko wani bayani zai biyo.

Sai ya nufi Yuguda, taubashinsa, wanda tun suna yara suke wasa da zagin juna. Yuguda ba abin da yake jin nauyin faɗa, shi ya sa Malam ya zaɓe shi. Abin da Malam bai lissafa ba shi ne, mutumin da ya shekara sittin yana zolayar gari, ba a ɗaukar maganarsa da nauyi ko da ta mutuwa ce. Yuguda ya tare Nababa a bakin shagon hatsi, gaban leburori masu ɗora buhuna, ya ce, "Kai Nababa, tsohon nan naku rariyarsa ta toshe, an ce kai ma a je a leƙa taka." Leburori suka fashe da dariya. Nababa ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya bar mana kai, Baba Yuguda," ya miƙa masa goro.

"Na isar," in ji Yuguda da ya dawo. "Har tukuici na samu."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ce in aike ka."

"Ai kai ne."

"Na sani."

Daga nan Malam ya yi wata dabara da shi kansa ya yaba wa kansa a kanta. In ba zai iya yi wa mutum ɗaya magana ba, ai ya iya yi wa aji. Akwai majalisar da ake zama bayan la'asar a gindin ɗorawa, ƙofar masallaci, kuma ranar Juma'a Nababa na gari. Malam ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara, ya zana mafitsara da 'yar tsokar da hanyar fitsari. Ya kawo labarin magina tun daga cikin uwa. Ya yi bayanin yadda abin da ya gina mutum shi ne kan dawo ya rushe shi in ya tashi ba a kan lokaci ba, da yadda ɗa kan gaji lahanin daga uba kamar yadda yake gadon tsawo ko sanƙo. Tun da ya bar aiki bai yi darasi mai daɗin wannan ba. Dattawa suka matso, masu tafiya gona suka jingine kekuna.

Nababa yana can gefe a bakin tabarma. Da aka ambaci mafitsara, kuma ya gane ta ubansa ake nufi, sai ya lallaɓa ya ɗauki takalmansa ya bar wurin, kamar yadda duk ɗan kirki zai yi.

"Yaron nan naka akwai tarbiyya, Malam," in ji liman.

"Akwai," in ji Malam. "Har ta yi yawa."

Ya sake gwadawa Juma'ar da ta biyo, aka maimaita. Amma darasin ya kama gari. Mai shayi ya iya labarin magina, masu awo a kasuwa suka iya. Dattawa da dama suka haɗa mota suka tafi gwaji, har da Yuguda, wanda ya dawo yana shelar cewa nasa maginan barcinsu ya fi na kowa nauyi. Mutane daga ƙauyukan kusa suka riƙa zuwa neman bayani. Malam ya duba ya ga ya ilmantar da gunduma guda, ban da mutum ɗayan da aka aike shi gare shi.

Damina ta ja baya, gero ya yi kai. Furera ta ji daga surukarta cewa da an fara girbi Nababa zai shiga ƙauyukan arewa sayen sabon hatsi, kuma in ya shiga sai kaka ta ƙare ake ganinsa sosai. Wannan labari ya hana Malam sakewa. Ya zauna a zaure da rana, ƙugu na yi masa zogi, ya tuna rasuwar mahaifinsa. Malam shi ma ɗan fari ne a wurin tsohon. Watannin da tsohon ya yi a kwance, Malam a ƙofar ɗaki yake durƙusawa ya ce, "Yaya jiki?" a ce masa, "Da sauƙi." Bai taɓa jin inda ke yi wa ubansa ciwo daga bakinsa ba, sai wajen wankan gawa ya ga yadda jikin ya koma. Da tsohon ya ce masa ko kalma uku, watakila da bai tsaya yana kiran abin tsufa da noma ba har ya kai ƙashi. Bai ga laifin tsohon ba. Ya dai ga cewa a gidan nan abu biyu ake gada, ciwo da kunya, kuma na biyun shi ke rufa wa na farkon asiri.

Ranar komawa allura ta zo. Kamar kullum, Nababa ya kawo babur ƙofar gida da safe don ya kai shi tasha a Kunci, inda zai hau motar Kano. Kamar kullum, Malam ya hau baya ya kama ƙarfen da ke bayansa, ya bar tazara tsakaninsu wadda ɗan akuya zai iya zama.

Suka bi burtali tsakanin gonaki. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, nan gida can gida, mata na shanya kuɓewa a kan danga. Malam ya shirya jawabinsa tsaf, da gabatarwa da misalai. Suka wuce gonar liman bai fara ba. Suka wuce rijiyar makiyaya, ya yi gyaran murya, Nababa ya rage gudu, Malam ya ce, "Geron bana ya yi kyau." Nababa ya ce, "Alhamdu lillahi." Malam ya ce a ransa, madalla, Abdulmumini, ka sanar da ɗan kasuwar hatsi cewa gero ya yi kyau.

A gangaren wani rafi da ya ƙafe yashi ya yi yawa, babur ya yi tangal-tangal. Malam ya saki ƙarfe ya cafke kafaɗar ɗansa. Suka fita daga yashin, amma bai saki ba. Bai taɓa matsowa kusa da shi haka ba tun yana jariri. Ya ga furfura a bayan kunnen, ƙasan hula, 'yan ƙwarori farare. Kunnen dama ne. Shi ne wanda ya sunkuya a kansa ranar da aka haife shi, a ɗakin da ke ƙamshin hayaƙi, ya yi masa huɗuba ya raɗa masa suna. Tun daga wannan rana, sunan bai sake fita daga bakinsa ba.

Ga iska, ga ƙarar inji, in dai ana so a ji magana dole a kai baki kunne. Ba fuska, ba ido, ƙeya ce kawai a gabansa. Malam ya ga ashe an dawo da shi aji, sai dai yau shi ne a bayan.

Ya sunkuya ya ce, "Muhammadu Sani."

Babur ya karkace har sai da ya shafi karan gero, sannan ya daidaita.

"Na'am, Baba."

Jawabin da aka shirya ya gudu, ba gabatarwa ba misali. Malam ya ce, "Ciwon da ke jikina shi ya kashe mai sunanka. Ana gadonsa. Ina so ka je a gwada jininka. Yau."

Kafin Nababa ya amsa, sai Malam ya ji tsohon hali na dawowa. Ya ce, "Ka ga, tun mutum yana cikin uwa akwai wasu ƙwayoyi, kamar magina..."

"Baba, na san maginan. Mai shayi ya ba ni labarinsu. Leburorina ma sun ba ni. Har a Dawanau wani ya tare ni da su, bai san ko ni ɗan wane ne ba."

"To me ya hana ka zuwa?"

Sai da suka wuce wata kuka Nababa ya amsa, yana kallon hanya. "Kowa ya faɗa min, ban da kai. Na ce in abin ya kai a je, Baba zai ce in je. Da na ji shiru, sai na ce watakila bai kai ba. Kuma ban ƙi shirun ba. Tsoro nake ji."

"Ni ma," in ji Malam. "Amma ni na je a makare. Kai ba ka makara ba, in Allah ya so."

Hannun Malam na kan kafaɗar har suka hau kwalta, nan ya ga mutane sun fara yawa, ya janye shi a hankali ya mayar kan ƙarfe.

A tasha Nababa ya sauke shi gindin motar Kano. Maimakon ya juya kamar yadda ya saba, sai ya tura babur wurin mai faci, ya ba shi ajiya, ya dawo. 'Yan kamasho suka ba Malam gidan gaba saboda ƙugunsa. Akwai wuri kusa da shi, amma Nababa ya zagaya ya shige can kujerar ƙarshe, ya takure tsakanin buhun gyaɗa da wata tsohuwa mai kaji, inda ko a madubi ba za su haɗa ido ba. Malam ya ga haka ya ji sanyi a ransa, don shi ma bai san inda zai sa idonsa ba da yaron ya zauna kusa.

Mota ta cika, direba ya shigo ya yi bisimilla ya tayar. Malam ya saci kallonsa, ya ga gemun ya fara fari.

"Direba," in ji shi, "shekarunka za su kai hamsin?"

"Sun ɗan gota, Baba."

"Mahaifinka na da rai?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Me ya yi ajalinsa?"

Daga can baya, tsakanin kukan kaji, wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Malam ya san tarin wane ne. Bai waiwaya ba, ya gyara zama ya fuskanci direba, ya fara daga cikin uwa.